Ramuka Huɗu, Makunni Ɗaya

Litinin, 2 ga wata, ƙarfe 5 na yamma

Likita ya sa ranar tiyata. Ashirin da uku ga wata, da safe. Bayan aikin Baba zai ci, zai sha, zai yi tafiya, amma murya ta tafi ke nan. Haka ya faɗa, ba kwana-kwana, idonsa a kan takarda. Ya ce daga yau har ranar kada Baba ya wuce minti goma yana magana a yini, don kada maƙogwaron ya ƙara kumbura.

Baba ya ce, "Minti goma? Likita, ai gaisuwa kaɗai ta cinye su."

Likita bai yi dariya ba. Ni na yi, don kada barkwancin ya tafi a banza.

Muka kama hanyar gida har muka wuce gada. Sai ya ce, "Auta, ina so in yi magana da yayanki."

Shekara shida ke nan ban ji ya ambace shi ba, tun ranar nan da suka saɓa a gareji. Yaya ba ya ɗaga waya idan lambar gida ce. Adireshinsa na imel kaɗai ya rage mana, shi ma ban san ko yana buɗewa ba. Na ce, "To, Baba." Me zan ce?

Talata, 3 ga wata, ƙarfe 1 na rana, a wurin aiki

Na gwada masa wayata da safe. Hannunsa na rawa, ya taɓa nan ya taɓa can, har ya kira mai gyaran famfo. Kuma ya ce shi ba zai yi magana da ɗansa wani na tsaye a kansa riƙe da waya ba. Wanin nan ni ce.

To, abin da na iya shi zan yi. Aikina a ma'ajiyar sanyin nan shi ne kula da ƙananan kwamfutoci masu lura da sanyin kowane ɗaki. Kowace allo ɗaya ce, ba ta wuce tafin hannu ba, da ramukan USB huɗu a gefe. A durowar tarkace na samu wata tsohuwa da aka daina amfani da ita. Na tambayi Dogo, shugaban sashenmu, ko zan iya aronta. Dogo bai kai kafaɗata ba, shi ya sa sunan ya bi shi.

"Ɗauka, Injiniya. Wannan ai ta girme ki a wurin nan. Me za ki yi da ita?"

"Wani ɗan aiki ne a gida."

Ya dube ni ta saman tabarau. Bai ƙara tambaya ba. Ina son Dogo saboda wannan.

Laraba, 4 ga wata, ƙarfe 6 na yamma

Na haɗa. In rubuta a nan kada in manta:

Rami na ɗaya, makirfo.
Rami na biyu, filash, inda muryar za ta zauna.
Rami na uku, modem, don babu intanet a gidan nan. Na ja shi da doguwar waya zuwa bayan labule, can ne sigina ya fi kamawa.
Rami na huɗu, ba kowa.

Maɓallin kuwa ban sa shi a USB ba. Babba ne ja, na jona shi kai tsaye a kan ƙananan ƙusoshin allon, da ɗan ƙwan fitila a gefensa. Baba ya danna, fitila ta kama, ya yi magana. Ya sake dannawa, ta mutu, saƙo ya tafi wurin Yaya da kansa. Na kuma ja wayar sadarwa ta bin bango daga ɗakinsa zuwa nawa, don in riƙa gyara daga kwamfutata ba sai na shiga ina tashinsa ba.

Baba ya juya allon a hannunsa kamar yadda yake juya fulogi can da yana gareji. Ya ce, "Wannan akwatin ashanar ne zai kai magana?"

"Shi ne."

"Ba kya ji?"

"Ba na ji, Baba."

"Rantse."

Na rantse. Goggo, ƙanwarsa da ta dawo gidan nan tun rasuwar Mama, tana bakin ƙofa tana tsinke zaren zani. Ta ce, "Ka rantsar da yarinya a kan akwatin ashana, wannan tsufa da me ya yi kama?" Ya nuna mata agogo, wai tana ci masa mintoci.

Alhamis, 5 ga wata, ƙarfe 8 na safe

Ya sha shayi bakwai da kwata. Bakwai da rabi ya kore mu, ya ce a ja ƙofa. Na zauna a ɗakina ina kallon kwamfuta. Minti tara da daƙiƙa arba'in. Fayil ya sauka a filash, ya tafi.

Ban buɗe ba.

Asabar, 7 ga wata, ƙarfe 4 na yamma

Uku sun tafi. Shiru.

Litinin, 9 ga wata, ƙarfe 6 na yamma

Saƙon yau ya maƙale. Da modem ya fara aikawa sai makirfo ya ɓace, filash ya yi kamar an zare shi. Na san ciwon. Cajar da na sa wa allon ba ta da ƙarfi, modem kuma mayunwacin wuta ne, in ya ja sai ya bar sauran da yunwa. Na ɗauko cajar da ta fi ta, na canja waya mai kauri. Ya tafi.

Baba yana kallona ina durƙushe a gindin gado. Ya rubuta a bayan takardar magani, don ya gama mintocinsa na yau: BATIR NE? Na ce kusan haka. Ya gyaɗa kai irin na wanda dama ya sani. A wurin Baba duk abin da ya lalace a duniya batir ne.

A wurin aiki ma yau modem biyu suka sume. Maganinsu ba wuya: layi ɗaya na umarni, a yanke wa ramin wuta, a ƙirga biyar, a mayar. Sai modem ya farfaɗo, sauran ramuka ko gezau. Ina yin haka sau ashirin a sati. Yatsuna sun haddace, ko tunani ba na yi.

Laraba, 11 ga wata, ƙarfe 7 na safe

Ruwa ya tafasa sosai, ganye cokali ɗaya da rabi, a bar shi minti huɗu. Sukari rabin cokali, kada Goggo ta gani. Madara a ƙarshe. Kofin mai tsaguwa a hannu, don shi ne ba ya ƙona masa yatsa.

Ban san me ya sa na rubuta wannan ba.

Alhamis, 12 ga wata, ƙarfe 5 na yamma

Kullum in na dawo daga aiki sai ya ɗaga gira. Ba ya ɓata kalma a kai. Girar ce tambayar: ya amsa? Ni kuma in girgiza kai. Sai ya juya wajen taga.

Goggo ta same ni a kicin tana cewa, "Ke kin tabbata abin nan yana zuwa? Kada bawan Allah ya riƙa zuba magana a rijiya."

"Yana zuwa, Goggo. Takwas sun tafi."

"To shi ɗan'uwan naki kurma ne?"

"Ki tambaye shi."

Ta ce na cika baƙar magana kamar ubana. Na ce ai ba daga sama na faɗo ba. Ta jefe ni da tsumman goge tebur.

Asabar, 14 ga wata, ƙarfe 3 na rana

Na wanke zannuwan gadonsa, na yanke masa farce. Duk yinin yau kalma uku ya yi mini: "Ruwa." "Ya isa." Sauran ya kai wa akwatin ashana.

Ba ƙorafi nake yi ba. Ƙirgawa kawai na yi.

Lahadi, 15 ga wata, ƙarfe 11 na safe

Na saurara.

Na ce wa kaina zan duba ne ko makirfon yana ɗaukar sauti da kyau. Daƙiƙa goma kawai. Na sa abin kunne, na buɗe na yau.

Muryarsa ta dishe fiye da yadda nake ji a fili. Yana cewa shi ne ya yi kuskure ranar nan. Baba. Baban da ya taɓa take mini ƙafa da mota ya ce ni na sa ƙafar a hanya. Ya ce ya yi kuskure, ya maimaita. Sannan ya ɗan yi dariya ya ce, "Ka dawo ko don shayi. Tun da ka tafi ban sha shayin da ya kai naka ba."

Na zare abin kunnen.

Lahadi, ƙarfe 2 na rana

Shekara shida ina haɗa masa shayi. Sau biyu a rana.

Lahadi, ƙarfe 4 na yamma

Na shiga ɗakinsa yana barci. Na tsaya wajen labule, modem ɗin yana nan yana kyaftawa. In miƙa hannu in zare shi kawai. Na kasa. Da hannuna, a gabansa, na kasa.

Na dawo ɗakina na zauna. A kwamfuta abin bai yi kama da komai ba. Layi ɗaya, wanda nake bugawa sau ashirin a sati. Rami na uku, kashe. Sai dai wannan karon ban ƙirga biyar ba.

Ba abin da zai ɓata. Baba zai yi maganarsa, filash zai ajiye, saƙonni su taru. Ranar da na ga dama in mayar da wuta, su tafi gaba ɗaya. Mutumin da ya yi shekara shida bai nemi kowa ba, kwana biyu ba za su kashe shi ba. Ya ji shiru shi ma, ya ji yadda yake.

Kuma ba zan sake buɗe filash ɗin ba. Na rantse sau ɗaya na karya, ya ishe ni.

Litinin, 16 ga wata, ƙarfe 8 na safe

Shayi bakwai da kwata. Ya shanye tas. Na ja ƙofa, ta ƙasan ƙofar na hango jan hasken ya kama. Na tafi aiki.

Talata, 17 ga wata, ƙarfe 6 na yamma

Yau da na dawo bai ɗaga gira ba. Kallona kawai ya yi, ya daɗe, har na duba rigata ko wani abu ya zuba. Ya nuna kujera. Na ce ina da wanki.

Ba ni da wanki.

Laraba, 18 ga wata, ƙarfe 1 na rana

Dogo ya ce, "Injiniya, tun safe kin ɗaure allon nan sau uku kin kwance. Ko shi ya yi miki laifi?"

Na ce kaina ke ciwo. Ya tura mini rabin lemonsa, ya ci gaba da aikinsa.

Laraba, ƙarfe 6 na yamma

Goggo ta ce kwanan nan Baba yana wuce mintocinsa. Jiya sha uku, yau kusan sha biyar, ta duba agogon falo. Ta ce da ya buɗe ƙofa idonsa ya yi ja. "Ki yi masa magana, ke yake jin tsoro."

"Ni? Tun yaushe?"

"Tun da kika fara ɓoye masa sukari."

Ban yi masa magana ba. Na ce a raina, ya yi ta yi, ɗansa ne.

Alhamis, 19 ga wata, ƙarfe 5 na yamma

Na tarar ya sa Goggo ta sauko da akwatin kayan aikinsa daga saman kabad. Yana zaune yana goge sifanoni ɗaya bayan ɗaya. Ya zaro ƙaramin sukudireban nan mai koren hannu, wanda nake sata ina yarinya ina kwance rediyonsa, ya miƙo mini. 

Kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa. Saura kwana huɗu. Mutum yana ƙirga kalmominsa kamar ƙwayar magani, ni kuma na zauna a kansu saboda kofin shayi.

Zan mayar da wutar yanzu.

Alhamis, ƙarfe 5 da rabi

Na mayar. Modem ya kama. Na jira in ga huɗu sun tafi.

Ba abin da ya tafi.

Na buɗe filash. Na ƙarshe shi ne na Lahadi.

Alhamis, ƙarfe 6 da kwata

Na duba ko'ina. Na duba katin ajiyar allon. Na duba kundin da allon ke rubuta abin da ya faru a ciki. Yana nan, layi-layi. Litinin, an danna maɓalli bakwai da minti talatin da biyu, ba a samu makirfo ba. Talata haka. Laraba haka. Yau haka. An danna, an sake dannawa bayan minti goma sha ɗaya, sha uku, sha biyar, sha huɗu.

Fitilar ta kama kowace rana, don ba a USB take ba. Ni na haɗa ta haka, kuma ban koya mata ta duba ko akwai mai saurare ba.

Na kai masa abincin yamma. 

Juma'a, 20 ga wata, ƙarfe 10 na safe, a wurin aiki

Na tambayi Dogo kamar tambayar banza. Na ce tsohon allon nan, in an kashe rami ɗaya, me ke faruwa?

"Wanne? Na durowa? Ai duka suke mutuwa. Ramuka huɗu ne amma makunninsu ɗaya. Sababbin nan ne kowane rami da nasa. Shi ya sa muka yi masa ritaya, kullum a je farfaɗo da modem sai a kashe ma'aunin sanyi." Ya cire tabarau. "Ban gaya miki ba?"

"Ban tambaya ba."

"Wani abu ya ɓata?"

"Ana iya dawo da abin da makirfo bai ji ba?"

 Ya ce, "Injiniya, abin da aka goge ana nemansa. Abin da ba a rubuta ba, ba inda za a neme shi." Sannan ya ce in tafi gida, shi zai duba ɗakuna na shida da na bakwai.

Juma'a, ƙarfe 1 na rana

Kafin in shiga gida na zauna a mota na ɗan lokaci. Da na shiga na gyara shirin: yanzu in ba makirfo, fitilar ba za ta kama ba. Aikin minti biyu. Layi uku.

Na yau ya sauka, ya tafi. Dole in tabbatar akwai murya a ciki. Wannan karon da gaske dubawa ce.

Juma'a, ƙarfe 2 na rana

Zan rubuta yadda ya faɗa.

"Ka yi haƙuri, kwana huɗun nan da suka wuce ba naka ba ne. Na ƙanwarka ne. Na san sun zo maka, don akwatin ba ya kai wa kowa sai kai. Ka ajiye mata. Ni ba zan iya faɗa mata a ido ba, ka san halina, ita ma ka san nata, sai ta ce tana da wanki. In an gama aikin nan ka kawo mata da hannunka. Da hannunka na ce, ba ta waya ba. Ka ga dole ka zo ke nan."

Sai ya yi tari, ya ci gaba da maganar wata tsohuwar mota.

Minti hamsin da uku. Na haɗa su.

Juma'a, ƙarfe 5 na yamma

Goggo ta ƙwanƙwasa ta ce me ya same ni. Na ce mura.

Asabar, 21 ga wata, ƙarfe 7 na safe

In na yi shiru, zai shiga ɗakin tiyata da tunanin ya faɗa. Zai kwanta da kwanciyar rai. Ni kaɗai zan sani, sai Yaya in ya zo ya ce bai ga komai ba, lokacin kuma ba murya.

In na faɗa, dole in faɗi duka.

Ruwa ya tafasa.

Asabar, ƙarfe 4 na yamma

Na bar shi ya yi na safe. Bayan la'asar na shiga, na ja ƙofa, na zauna a kujerar da ya nuna mini ranar Talata. Na ce, "Baba, kada ka yi magana, ni zan yi."

Na faɗa masa na saurara ranar Lahadi. Na faɗa masa abin da na ji. Na faɗa masa rami na uku, da makunni ɗaya, da fitilar da ta yi masa ƙarya kwana huɗu. Na faɗa masa na sake saurare jiya. Ina magana ina kallon sifanonin da ya jera a kan tebur, daga ƙarami zuwa babba.

 Na ji tsoron fuskarsa, don haka ban duba ba. Sai na ji ƙarar biro a kan takarda. Ya turo mini.

KIN CIRE FIYUS ƊAYA, MOTA DUKA TA MUTU.

Na ce eh.

Ya karɓi takardar ya ƙara: SAI DA NA CE KI RIƘA DUBA WAYARIN KAFIN KI TAƁA.

Na ce eh, ya faɗa. Ina shekara tara ya faɗa.

Sai ya juya wajen taga, ya ɗaga mini hannu in tafi. Ban san ko fushi ne ba. Na fita na wanke kofunan da na riga na wanke.

Lahadi, 22 ga wata, ƙarfe 9 na safe

Shayi bakwai da kwata. Na ɗauki kofi zan fita, ya riƙe mini gefen mayafi. Ya kori Goggo da ido. Ta ce, "Oho, yau ni ce bare," ta ja ƙofa.

Na ce, "Baba, yau ce ta ƙarshe. Ta Yaya ce."

Ya ce, "Ya samu goma sha uku. Sun ishe shi."

Na miƙa hannu zan danna maɓallin, don ko ba komai in samu abin da zan riƙa saurare. Ya buge mini hannu. Ya nuna makirfon ya ce, "Zare." Na zare shi daga rami na ɗaya, da hannuna, a gabansa. Ya karɓa ya sa a ƙarƙashin matashi.

"Zauna. Kuma in kika ce wanki sai na saɓa miki."

Abu ɗaya zan rubuta, don shi ya fara da shi. Ya ce, "Yayanki bai taɓa iya shayi ba. Ruwan wanke kofi yake kawo mini. To da me kike so in ja shi gida?"

Na yi dariya har ta koma wani abu.

Sauran ba zan rubuta ba. Bai kalle ni ba yana faɗa, silin yake kallo, ni kuma ina kallon ƙafafunsa. Ya wuce minti goma. Ya wuce ashirin. Muryar tana yankewa, ya kurɓi ruwa, ya ci gaba. Na ce likita fa. Ya ce, "Gobe ma cirewa zai yi, me nake tattalawa?"

Ba duk abin da ya faɗa a kwana huɗun ba ne. Shi ma ya ce ya manta rabi. Wannan rabin ya tafi, kuma ni na kashe shi. Zan zauna da wannan.

Lahadi, ƙarfe 3 na rana

Na haɗa jakar asibiti. Goggo ta sa masa hula biyu, wai ko ɗaya ta ɓata.

Litinin, 23 ga wata, ƙarfe 2 na rana

An fito da shi. Likita ya ce aiki ya yi kyau. Yana barci.

Kalmarsa ta ƙarshe kafin su tura gadon, ga mai turawar ya yi ta: "A hankali, taya ɗaya ba iska."

Talata, 24 ga wata, ƙarfe 11 na safe

Ya farka. Ya ɗaga gira. Na girgiza kai.

Laraba, 25 ga wata, ƙarfe 4 na yamma

Na je sayo ruwa, na dawo na tarar da mutum a bakin ƙofar ɗakin da jaka a kafaɗa, ya kasa shiga. Ya yi furfura a gemu. Tsayuwar ce na gane, irin ta Baba, ƙafa ɗaya a gaba.

Ya ce, "Auta."

Na ce, "Ka makara da kwana biyu."

"Na sani. Sai ranar Asabar na iya buɗe su. Kullum ina ganin suna shigowa, ina tsoro." Ya goge fuska. "Na saurare su a hanya, duka."

Na buɗe masa ƙofa. Ban shiga ba. Ta gilashi na ga Baba ya ɗaga hannu, Yaya ya durƙusa a gefen gadon. Goggo ta fito tana share ido da bakin zani tana cewa ɗakin ya cika zafi.

Bayan kusan awa ɗaya ya fito ya same ni a kan benci. Ya zauna, ya bar tazarar mutum ɗaya a tsakaninmu. Ya fito da wayarsa yana ta dubawa sama da ƙasa.

"Ya ce akwai guda huɗu naki, in kawo miki da hannuna. Wallahi na duba ko'ina, ban gan su ba. Daga Lahadi sai Juma'a. Ko sun maƙale a hanya ne? Ke ce injiniya."

Na ce, "Ba su maƙale ba."

"To ina suke?"

"Na karɓi nawa."

Ya dube ni, bai gane ba. Zan faɗa masa, amma ba yau ba. Na tashi na ce ya zo in nuna masa yadda ake gyara wa Baba matashi, don daga yau kwana ɗaya nasa ne, kwana ɗaya nawa. Shayi kuwa, ranar da likita ya yarda, kada ya kuskura ya taɓa.